Ranar da "port" ta kunyata ni a Apapa

Satina biyu da fara aikin ƙirga kaya a wani jirgin ruwa a Apapa, sai shugaban ma'aikata ya daka mini tsawa, wai in je "port side" in duba masa wata igiya. A makaranta an koya mana "port" tashar jirgin ruwa ce. Na sauko tsani da gudu, na tsaya a gaɓa ina waige-waige. Ashe hagun jirgin yake nufi, kuma ranar ɓarin dama ne ke jingine da gaɓar. Wata guda ana tsokanata.

Ƙannena, ku riƙe wannan. In ka fuskanci goshin jirgi, hagunka "port", damanka "starboard", kuma ko ka juya baya sunayen ba sa canzawa. Da dare jar fitila ce a hagu, koriya a dama. Na daɗe ina zaton "starboard" daga tauraro ta samo asali, har na taɓa kafa hujja da haka a gaban mutane. Ba ruwanta da tauraro. Tsohuwar kalmar tuƙi ce, domin a da can filafilin tuƙi a dama ake ɗaure shi, shi ya sa ake jingina hagu da gaɓa. Hagun ma da "larboard" ake ce masa, amma a cikin iska kunne ba ya bambance shi da "starboard", sai rundunar ruwan Ingila ta sauya shi zuwa "port" a 1844.

Laifina ɗaya ne: ma'anar farko da na haddace nake cafkewa, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Ai matambayi ba ya ɓata. In kalmar da kuka sani ta zo muku a bakin mai sana'a, ku ce masa, "Maigida, a nan me take nufi?"

"Step" ma ta kayar da ni. Taku ce, matakala ce, amma in an ce shugaba ya yi "step down", murabus ya yi. A jirgi kuma kafa doguwar sandar da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi ake nufi da ita. Ta cikin "stepmother" kuwa wata kalma ce daban mai alaƙa da maraici. Ni da nake ce wa yara wai kishiyar uwa taku ɗaya ce tsakaninta da uwa, sai da na koma na gyara musu.