Mai wankewa daban, mai zama daban

A Legas ƙarfe ba ya hutawa. Iskar teku tana ɗauke da laima da gishiri, shi ya sa kwaɗon da zai yi shekara da shekaru a Kano lafiya lau, a Apapa ko Obalende damina ɗaya ta isa ya cije. Abin da aikin gyara ke fara koya wa mutum a nan shi ne, ruwan da ya kwance ƙarfe ba shi ne zai tsare shi ba.

Fetur da kananzir da dizal da man inji duk 'yan gida ɗaya ne, daga ɗanyen mai aka tace su. Nauyi ne ya raba su: mai sauƙi yana bin iska, mai nauyi yana zama a kan ƙarfe. Da yake jininsu ɗaya, mai sauƙin yana narkar da mai nauyin, shi ya sa kananzir ke cire tsohon giris, ruwa kuwa ya zame ta kansa ya wuce. Giris kansa mai ne aka haɗa da wani irin sabulu, galibi na litiyam, don ya riƙe man kamar soso.

A nan ne WD-40, man feshin nan na gwangwani, ke ruɗar mutane. An ƙirƙiro shi a 1953 a San Diego ta Amurka don korar danshi daga jikin ƙarfe, kuma mafi yawansa sinadari ne mai narkarwa, man cikinsa kaɗan ne, siriri. A kan notin da tsatsa ta ci, madalla: a fesa, a ɗan ƙwanƙwasa da guduma, a ba shi minti 15 kafin a sa sifana. Amma a fesa shi cikin boris, ya wanke ɗan giris ɗin da ya rage, ya bushe, bayan 'yan kwanaki ƙarar ta dawo ta fi ta da. Ƙa'idar ba ta canzawa: a wanke, a bari ya bushe sarai, sannan a shafa. Wanda ya sa giris a kan jiƙaƙƙen kananzir ya tsinka shi tun bai fara aiki ba. Kuma kada a danƙara. Kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gurbin boris ya wadatar, fiye da haka zafi yake jawowa.

Fankar tsaye da ke gurnani sai an tura ta da yatsa, idan ba kwandansa mai tayar da ita ba ce, yawanci bushin da sandar fankar ke juyawa a cikinsa ne ya bushe. Wannan bushin na tagulla yana da ƙananan ramuka da ke shan mai, da ɗan auduga kewaye da shi. A zare sandar, a goge baƙin dattin da tsumma mai kananzir, a ɗiga man keken ɗinki uku ko huɗu a kowane gefe har audugar ta sha. Giris a nan toshe ramukan yake yi. Man gyaɗa kuwa, wanda wasu teloli a Agege ke lallaɓawa da shi idan nasu ya ƙare, ya fi komai ɓarna: iska tana sa shi ya yi danƙo, ya kama keken kamar ƙaro. Haka kwaɗo, mai yana tara masa ƙura. Garin bakin fensir a jikin mabuɗi ya fi.

Ƙaramin janareton nan da ake zuba wa mai cikin fetur shi ne inda 'yan uwan biyu ke aiki tare. Fetur ya narkar da man, ya kai shi ga fistin da boris. Yawancinsu ma'aunin 50 da 1 suke so, wato mililita 20 na mai a lita ɗaya ta fetur, amma a duba rubutun tanki. A rage, injin ya cije. A yawaita, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi. A babban janareto mai rumbun mai daban kuwa, haɗuwarsu cuta ce. Idan sandar awon mai tana warin fetur kuma man ya ƙaru da kansa, kafireto ne ke yoyo, a gyara shi a yi juye nan take.

Roba tana da nata hukunci. Man da ya fito daga ɗanyen mai yana kumbura robar birki, don haka ko ɗigon man inji kada ya shiga tukunyar man birki. Shi kuma man birki yana cin fenti, yana zuƙar danshi idan an bar gwangwanin a buɗe, abin da ba wuya a garin nan. Robar ƙofar mota da ta firji, silikon ake shafa musu. Tina, wato ruwan tsinka fenti, tana narkar da fenti da wasu robobi, a gwada ta a lungun da ba a gani tukuna.

Wanke kayan gyara da fetur kuwa ganganci ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske risho a ɗakin maƙwabci, ga gidajen haya ƙofa na kallon ƙofa. Kananzir yana yin aikin, sai dai ya fi jinkirin bushewa. A ba shi lokaci a waje, cikin inuwa.