John McDowell da hujjar "na gani da idona"

A kotu ko a zauren mai unguwa nan Katsina, da zarar shaida ya ce "na gani da idona", sai gardama ta lafa. Masana falsafa kuwa a nan suke tsayawa su tambaya: ta yaya abin da ya faɗa wa ido yake zama hujja? Kan wannan tambaya aka fi sanin John McDowell. An haife shi a 1942 a Afirka ta Kudu, ya koyar a Oksfod daga 1966 zuwa 1986, sannan ya koma Jami'ar Pitsbag ta Amurka. Laccoci shida da ya gabatar a Oksfod a 1991 su ne suka zama littafinsa Mind and World a 1994.

Ramuka biyu yake gudu. Na farko shi ne a ce ido yana karɓar hoto ɗanye, wanda hankali bai taɓa ba, kuma a kan wannan ɗanyen ilimi ya tsaya. Wilfrid Sellars, masanin falsafa ɗan Amurka, ya rushe wannan tun 1956. Abin da ba a iya cewa "kaza, kaza ne" game da shi, zai iya tura ka ga yarda, amma uzuri ya ba ka, bai ba ka dalili ba. Rami na biyu na Donald Davidson ne, shi ma masanin falsafa ɗan Amurka, wanda ya ce yarda ce kaɗai ke tabbatar da wata yarda. In haka ne, tunani zai yi ta juyawa a kansa bai taɓa duniya ba. Mafitar McDowell ita ce, abin da malaman manɗiƙi na zaure ke kira tasawwuri, wato ma'anar da hankali ke gane abu da ita a matsayin kaza, yana aiki tun a cikin ganin kansa. Ba kai ka zaɓi abin da ya bayyana maka ba, amma ya iso a siffar da hankali zai iya kafa hujja da ita.

Hujja mafi ƙarfi da ke adawa da wannan ra'ayi ta fito tun kafin laccocin, daga abokinsa Gareth Evans, wanda ya rasu a 1980, McDowell kuma ya shirya littafinsa aka buga a 1982. Evans ya ce ido ya fi tasawwuri rarrabewa. A rumfar shadda za ka ga shuɗi kala-kala jere, idonka ya raba su sarai, alhali ba ka da sunan kowanne. McDowell ya amsa cewa nuna ɗaya da yatsa ka ce "wannan launin" ya isa tasawwuri, muddin za ka iya gane shi bayan an ɗauke yadin, ko da na ɗan lokaci ne. A ganina nan ne ƙafarsa ba ta taka da ƙarfi ba. Duk tela ya san in ya aiki yaro sayen zaren aiki bai haɗa shi da ƙyallen yadin ba, da wuya ya dawo da wanda ya dace. Ikon ganewa da ke gushewa kafin a isa bakin layi, da ƙyar ya cancanci sunan.

Inda ya fi gamsar da ni shi ne batun ruɗin ido, wanda ya yi bayani a 1982. Mutum biyu sun fita duban wata ran 29 ga Sha'aban. Ɗaya ya ga jinjirin wata, ɗayan siririn gajimare ya gani ya ɗauka wata ne. Tsohuwar hujjar masu shakka ta ce tunda a ransu abin iri ɗaya ne, to dalilinsu ma ɗaya ne, don haka babu wanda ya sani. McDowell ya ƙi. Na farko watan ne ya bayyana gare shi, ya sani. Na biyu kama ce kawai ta yi masa. Kuskuren da ɗalibai ke yawan yi shi ne su ɗauka yana nufin mutum zai iya gane halin da yake ciki ta duba zuciyarsa. Bai ce haka ba, kuma shi ya sa ake tantance shaidu kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa.

Mai rubuta aikin jami'a a kansa ya kula da shekara. Wajen 2008, bayan sukar da masanin falsafa Charles Travis ya yi masa, McDowell ya janye cewa abin da ido ya gani yana zuwa a siffar cikakkiyar jumla, amma ya riƙe cewa tasawwuri na aiki a cikinsa. Wanda ya gwama matsayin 1994 da na 2008 ba tare da ya bambanta ba, zai jingina masa maganar da ya riga ya bari.