Zaman da nake yi da masu naƙuda

Ni ba ungozoma ba ce, ba na yanke cibi ba na ba da magani, aikina kawai in zauna da mace tun daga tashin ciwo har Allah Ya sauke ta, irin wanda a ƙasashen waje suke ce ma doula. Nan wajenmu Ƙofar Marusa a Katsina ko tsakar dare ne sai a bugo mani waya.

Masu haihuwar fari su suka fi ba ni aiki wallahi. Yarinya ta zo goyon ciki gidansu, ciwo na cin ta amma kunya ta hana ta faɗi, uwar kuma tana kara da ɗiyar fari ko ɗakin ba ta leƙawa, sai a kwana a wuni ana yaba mata wai akwai dauriya. Ni na daina tambayarsu da baki don "ba komai Anti" kawai za ki ji. Ƙafa nake kallo, in na ga ta nannaɗe yatsu tana cizon bakin zane to a nemo Keke Napep. Duk wadda ta taɓa zuwa dubiya asibitin Babbar Ruga ta ga masu yoyon fitsari ba za ta yi wasa da doguwar naƙuda ba.

A asibiti kuwa abin da nake yi ba yawa, in danna mata ƙugu da tafin hannu in ciwon ya taso, in ba ta ruwa ta kurɓa, mu ɗan zagaya in nas ta yarda, ina tuna mata addu'a. In ta ce kanta na sarawa tana gani dishi-dishi ba na jira, Sista nake kira, don alamar jijjigar masu ciki ke nan, ita kuwa ba ta sallama. Wani wurin ba su barin kowa ya shiga ɗakin haihuwa, ban cika musu da su ba, duk da Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2018 ta ce a bar mace da wanda ta zaɓa ya zauna da ita.

Maigidanta kuma tun cikin yana wata bakwai nake aika mashi saƙo, Malam a ba da izinin fita tun yanzu ko kana kasuwar Jibiya ciwo ya tashi, a ajiye kuɗin mota da katin awo wuri ɗaya, a kuma san wa zai ba da jini in an buƙata. Wasu har haushi suke ji wai ina masu fatan tsiya, ni dai sai na ji sunan mai ba da jinin nake ƙyale su.