Yadda ake kirga baiko bayan sujada

Rigimar kuɗi a ikkilisiya sau da yawa daga sakaci take farawa. An ɗauki baiko, an yi addu'a, sai dattijo ɗaya ya tafi gida da jakar, a ce gobe za a kirga. Ko mutumin kirki ne, an bar shi ba shaida, ranar da aka fara tsegumi kuwa ba shi da abin kare kansa.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan a buɗe ba. A 2 Sarakuna 12, zamanin sarki Yowash, magatakardan sarki da babban firist ne suke kirga kuɗin akwatin Haikali tare. Bulus ma, a 2 Korintiyawa 8, bai riƙe gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

A sa mutum 3 su kirga baikon, ba 'yan gida ɗaya ba, a riƙa sauya su kowane wata. Fasto ya tsame hannunsa, ma'aji kuma ya karɓi sakamako kawai. A kirga a ranar, cikin majami'a, a ɗakin da aka rufe. Baikon Lahadi daban, zakka daban, na godiya da na gini daban, domin idan suka cakuɗe ba mai iya raba su kuma.

Ambulan ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. A buɗe ɗaya bayan ɗaya, a gwada abin da ke ciki da abin da aka rubuta a baya. In sun saɓa, a rubuta ainihin adadin nan take, mutum 2 su sa hannu. Mai kirga na biyu kada ya ji jimillar na farko sai ya gama tasa, in ba haka ba kunnensa zai ja hannunsa. A cika takarda kwafi 2 da biro, ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga magatakarda.

Kada a ciri ko kuɗin motar baƙon mai wa'azi kafin a rubuta jimilla. Wannan ƙaramar al'ada ta cirar kuɗi kafin a rubuta ita ce ke sa lissafi ya ƙi daidaita a ƙarshen shekara. Ran Litinin a kai banki, a maƙala shaidar ajiya a jikin takardar. Abin da membobi suka turo ta waya kuma a gwada shi da bayanin banki a ƙarshen kowane wata.