Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kunnen Jan Ƙarfe

Makon jiya na tsaya a maganar Kawu, Allah ya jiƙansa, da yake cewa rediyo baki ne kawai, eriya ce kunne. Masu turo mini saƙo suna tambayar wane rediyo za su saya don sauraron jiragen sama, ku fara gyara kunnen.

Hirar matuƙan jirgin sama da hasumiyar filin jirgi tana tsakanin megahaz 118 zuwa 137, kuma AM ce, shi ya sa rediyon FM na gida ba ya kamo ta. Ko dai rediyo mai zangon jirage, ko RTL-SDR, ɗan rediyon da ake sokawa a kwamfuta kamar filasha.

A samo wayar wuta ta jan ƙarfe mai silli ɗaya, mai kauri 2.5, a fere robar. A yanka guda biyar, kowace santimita 56, wato kusan rubu'in tsawon zangon megahaz 127, tsakiyar 118 zuwa 137 ɗin nan. Ɗaya za ta tsaya tsaye, a liƙe ta da dalma a tsakiyar soket ɗin SO-239, wanda ake haɗa kebul da eriya da shi. Huɗun a ɗaure su a ramukan kusurwa, a lanƙwasa su ƙasa digiri 45, kamar ƙafar kaza. Idan an bar su a shimfiɗe, eriyar ba ta dacewa sosai da kebul mai om 50, wato irin na rediyo. Kuma a tsaye ake kafa ta, don eriyar jirgi a tsaye take. Wanda ya kwantar da tasa ya zubar da mafi yawan siginar.

Kebul kuwa, nan abin yake min ciwo. Wani mai shago, ba zan kama sunansa ba, ya sha sayar wa yaranmu kebul mai ƙarfe a ciki da ragar waya ta kewaye da ba ta kai komai ba, yana rantsuwa. RG-6 na dish mai kyau ya isa sauraro, ya fi RG-58, siririn kebul na rediyo, idan tsawon ya wuce mita goma. A naɗe mahaɗar da tef, ruwan damina ɗaya ya shiga ragar ta yi kore, shi ke nan.

Jirgin da ke sama a tsayin ƙafa 35,000 za ka ji shi daga nisan kilomita 300, amma hasumiyar filin Malam Aminu Kano sai kana kusa, ko ka ɗaga eriyar sama da rufin maƙwabta. Siginar ba ta ratsa tudu. Kawu bai ga RTL-SDR ba, da ya gani da ya maimaita maganarsa, domin abin yana kurmancewa kusa da tashar FM mai ƙarfi, sai an sa masa matatar da ke toshe megahaz 88 zuwa 108, zangon FM. Cajar waya mai arha da inbata su ma suna cika shi da ƙara.

Sauraro kawai ake yi, ba a aika magana, balle a megahaz 121.5, layin gaggawa na jirage. Hadari ya taso, a zare kebul daga rediyo a ajiye shi waje.