Hoton 'Yar Takara a Unguwarmu ta Texas

Duk wanda ya sayi gida a sababbin unguwannin da ke kewaye da birnin Houston, a jihar Texas, to ya sayo har da wata 'yar ƙaramar hukuma a cikin cinikin. Sunanta ƙungiyar masu gidaje, HOA a bakin mutanen nan. Ba a tambayarka ko kana son shiga. Ranar da ka sa hannu a takardun gida ka zama ɗan ƙungiya, kuɗin shekara kuma ya hau kanka. Ita ke faɗin iyakar tsawon ciyawar ƙofar gidanka, da launin fentin da za ka shafa, da lokacin da za ka ɗauke kwandon shara daga bakin titi. Ita ke kula da wurin ninƙaya, da filin wasan yara, da tafkin da aka haƙa don ya riƙe ruwan sama. Amurkawa fiye da miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi.

Mu daga Zariya muka zo. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mun fara da haya a unguwar Alief da ke Houston, inda 'yan Najeriya suka yi yawa har kana iya sayen daddawa da busasshen kifi ba tare da ka wahala ba. Da Allah ya hore muka ci bashin banki muka sayi gida a gundumar Fort Bend. A nan ne na san baƙunta ta gaskiya. Mota ta iso, ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, motar ta shige, ƙofar ta sauka, shi ke nan. Sai ka yi watanni ba ka ji muryar maƙwabcinka ba. A gida in ka yi ba daidai ba, mai unguwa ke aikowa a kira ka, ku gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya faɗi abin da ya sa ya neme ka. A nan wasiƙa ce ke zuwa, da hoton ciyawarka a jiki, da gargaɗin tara. Kuma ba wasa ba ne, domin tun 1987 Kotun Ƙolin Texas ta tabbatar cewa ƙungiya na iya sa a sayar da gidan mutum saboda bashin kuɗin ƙungiya.

Abin da ya tura ni takarar kujera a kwamitin da ke jagorantar ƙungiyar guguwar Beryl ce, wadda ta faɗa wa Houston a watan Yulin 2024. Gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka rasa wuta, a tsakiyar zafin da ko ɗan Sakkwato zai sara masa. Shingayen katako suka zube layi-layi. Mutane ba su gama zubar da abincin da ya lalace a firji ba sai ga wasiƙun gargaɗi daga kamfanin da ke gudanar mana da unguwa, wai a gyara shinge cikin gaggawa. Shingen ƙungiyar kanta da ke bakin babban titi kuwa yana kwance, an ce babu isasshen kuɗi a asusun ajiya. Na je taro na tambayi inda kuɗin ya shiga, amsar ba ta gamsar da ni ba. Da muka dawo gida maigidana ya ce, "Maman yara, in kina son ganin littafin kuɗi, sai ki zauna a teburin da ake buɗe shi."

Dokar Texas ta sauƙaƙa tsayawa. Babi na 209 na dokar kadarori ya ce duk wani sharaɗi a takardun ƙungiya da zai tauye wa mai gida haƙƙin neman kujerar kwamiti ba shi da ƙarfi, in ban da 'yan abubuwa kaɗan, kamar wanda kotu ta kama da babban laifi cikin shekara 20 da suka wuce. Unguwar da ta haura gida 100 kuma tilas ta yi sanarwar neman 'yan takara kafin ta raba takardun ƙuri'a. Sanarwar ta zo ta imel. Ana son suna, da ɗan taƙaitaccen bayani, da hoton fuska wanda za a buga kusa da sunan kowa a takardar da za a aika gidaje.

Ga wanda ya tashi a Najeriya, neman hoto ba labari ba ne. Fom na makaranta, na banki, na neman aiki, kowanne da hoton fasfo manne a kusurwa. Takardar zaɓenmu ta Najeriya alamar jam'iyya take ɗauka, amma a Gana da Nijar fuskar ɗan takarar shugaban ƙasa na kan takardar ƙuri'a, kuma hakan na taimakon wanda bai yi karatu ba. Da na gaya wa mahaifiyata ta waya cewa ta yi, "To mene ne a ciki? Ki sa hijabinki mai kyau ki ɗauka. Fuskar da Allah ya ba ki abin ɓoyewa ce?" Na ce, "A'a Umma, ba ɓoyewa ba ne." Ni kaina a lokacin ina jin wani nauyi a ƙirji game da abin, domin na riga na lura cewa a ƙasar nan ba a manna hoto a takardar neman aiki, kuma da dalili aka bar yin hakan.

Wadda ta warware mini dalilin wata dattijuwa ce a layinmu, baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta, haifaffiyar jihar Luwiziyana. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa da abinci a hannu. Ta ce, "'Yata, zauna ki ji." A 1960 jiharsu ta yi doka cewa a rubuta launin fatar kowane ɗan takara kusa da sunansa a takardar ƙuri'a. Wasu baƙaƙe biyu da suka nemi kujerar hukumar makarantu a Baton Rouge suka kai ƙara, a 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar, a shari'ar Anderson da Martin. Hujjar kotun ita ce, hukuma ta ɗauki launi ta ajiye a gaban mai zaɓe daidai lokacin da zai yanke shawara. Ta kuma tuna mini cewa takardun filaye irin waɗanda ƙungiyoyinmu ke tafiya a kansu, da su aka yi ta hana baƙaƙe da Yahudawa da 'yan Asiya sayen gida, har sai da kotu ta daina tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, sannan dokar adalci a harkar gidaje ta zo a 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King. Ta ce ba ta zargin kowa a kwamitinmu da mugun nufi. Amma hoto yana yin aikin da waccan doka ta yi, ba tare da an rubuta ko kalma ɗaya ba.

Masu son hoton ma suna da magana, kuma na saurare su da kyau. Matar da ke haɗa takardun ta ce mutane ba su san sunan juna ba, amma sun san fuska: ga mai yawo da kare da asuba, ga mai kai yara bakin motar makaranta. Ta ce kowace shekara da ƙyar ake samun adadin ƙuri'un da zai sa taro ya zauna, kuma takarda mai hotuna ta fi jan ido kafin a jefa ta shara. Wannan gaskiya ne. Sai dai jan idon shi ne abin tsoron. A 2005 masu bincike a jami'ar Princeton sun nuna wa mutane hotunan 'yan takarar majalisar dattawan Amurka na daƙiƙa ɗaya tak, suka tambaye su wa ya fi kama da gwani. Zaɓin da suka yi ya dace da wanda ya ci zaɓen a kusan kashi 70 cikin ɗari. Idan fuska na da wannan ƙarfi a zaɓen da ake kashe miliyoyi wajen tallata manufa, ina ga zaɓen unguwa, inda mai ƙuri'a ba shi da komai a hannu sai hoto da layi biyar na bayani?

Sai aka ce to a bar shi ganin dama, mai so ya aiko, wanda ba ya so ya bari. Wannan ne na fi ƙi. Fuskoki huɗu suna murmushi, sannan fili fari kusa da suna irin nawa: mai karatu zai cike filin da abin da ke ransa, ko ya ce wannan tana da abin da take ɓoyewa. In kuma na aika, hijabina zai riga maganar asusun ajiya isa wurinsa. Sunana ma kaɗai ya isa ya faɗi inda na fito, ban kuma taɓa tunanin sauya shi ba. Abin da na nema kawai shi ne a yi wa kowa abu ɗaya, a kuma rubuta ƙa'idar kafin a san su wa za su tsaya.

Na rubuta wa kwamiti haka cikin ladabi, dattijuwar nan ta sa hannu, wani Ba'indiye injiniya da shi ma ya fito takara ya sa nasa. Muka ba da shawarar a cire hotuna duka, a ba kowa tsawon bayani iri ɗaya, a jera sunaye bisa haruffa, sannan a kira taro a zauren unguwa inda 'yan takara za su tsaya a yi musu tambayoyi. Bayan sun tuntuɓi lauyan ƙungiya suka amince.

Fuskata kuwa an gan ta sosai. Bayan na taso daga aiki nakan bi layi ina ƙwanƙwasa ƙofofi, da hijabina, da takardar lissafin da na haɗa. Wasu sun leƙo ta kyamarar ƙofa ba su buɗe ba. Da yawa sun buɗe. Wani tsohon soja ya tsaya yana kallona shiru, da na ambaci wasiƙar shinge sai ya shiga ciki ya ɗauko tasa, muka daɗe a tsaye muna magana. Daga baya shi ya karɓo mini takardun wakilcin ƙuri'a daga maƙwabtansa da ba za su samu zuwa taro ba.

Na samu ɗaya daga kujerun da aka yi takara a kansu. A zamanmu na farko muka amince a kawo masu binciken kuɗi daga waje su duba asusun ajiya, muka kuma rubuta cewa bayan kowace guguwa da gwamnati ta ayyana a matsayin bala'i za a dakatar da wasiƙun tara har sai mutane sun farfaɗo. Ƙa'idar zaɓe ba hoto ta shiga littafin ƙungiya a zama na biyu, da rinjayen ƙuri'a ɗaya, kuma mutumin da ya fi adawa da ita ya riga ya ce zai sake tayar da maganar baɗi.