Mako na shida: dutsen tozali da ruwan Legas

'Yan'uwa masu koyon rubutu, a wannan makon na koma kan gajeren labarin da nake rubutawa game da wani matashi ɗan Agege mai zuwa aiki Obalende, sai na tarar da wata jimla da ta ba ni kunya. Na rubuta cewa ruwan da ke ƙarƙashin gadar Third Mainland kore ne shar kamar zumurrudu, alhali ban taɓa riƙe zumurrudu a hannuna ba, kuma duk wanda ya bi ta gadar nan da asuba ya san ruwan ba kore ba ne. Aro na yi daga littattafan da na karanta. Yakutu da murjani da lu'ulu'u sun zauna daram a adabin Larabci, har a aya ta 58 ta Suratur Rahman an siffanta matan Aljanna da yakutu da murjani, amma mai karatunmu darajarsu kawai yake ji, launin ba ya zuwa masa ido.

Saboda haka na shiga kasuwa wurin masu kayan koli, na sayo jar kanwa da farar wuta da ɗan dutsen tozali, na jera su a bakin taga ina dubawa safe da yamma. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sunayen ba su cika faɗar gaskiya ba, domin farar wuta rawaya ce kamar garin ɗorawa, jar kanwa kuwa jan nata dishi-dishi ne, ya fi kusa da ruwan ƙasa.

Tozali ne ya fi ɗaukar mini lokaci. Kafin a niƙa shi yana da nauyi fiye da girmansa, ruwan toka ne mai ƙyalli kamar azurfar da ta kwana biyu, yana kuma fashewa gida-gida mai kusurwa. Idan aka niƙa shi sai ƙyallin ya ragu, ya koma baƙin da muka sani a idon amarya. Ma'adinin darma ne, shi ya sa likitoci ke gargaɗi a kan rangaɗa wa jarirai shi, ni ma sai da na wanke hannu bayan na taɓa. Dutse ɗaya ke nan da launi biyu, ga ado ga dafi, kuma irin wannan harshen damon nake nema wa Legas a labarin.

Yanzu jimlar ta koma haka: ruwan ya kwanta da nauyi, yana ƙyalli kamar tozalin da ba a niƙa ba. Ban gamsu da "kamar" ɗin ba tukuna, don ta yi yawa a shafin. A mako mai zuwa zan gwada tsatsar tagulla, wadda iskar teku ke mayarwa kore, a kan kwaɗon ƙofar ɗakin da yaron yake haya.